DANDALIN 'YAN MATA: 'Yar Taɓe-Taɓe Fitilar Gida Ce

  

Yau dai ba lalle za mu ƙunsa ba, ba kuma miya za mu kaɗa ba. Maganar wata irin yarinya na zo muku da ita, wadda da wuya a rasa irinta a unguwa, amma ba a cika yabonta ba sai dai faɗa da harara. Ita ce wadda ake ce wa 'yar taɓe-taɓe. In rediyon Baba ya yi shiru, kafin a ce a kai wa mai gyara ta riga ta kwance bayansa tana leƙe. In tocilar Inna ta mutu ba ta yarda a jefar, sai ta ciro ƙwan ta adana. A ƙarƙashin gadonta, inda sa'o'inta ke ɓoye hoda da gazal da jan baki, ita gwangwanin madara za ki tarar cike da 'yan notina, da guntayen wayar wuta ja da baƙa, da matacciyar caja, da wata 'yar sukundireba da ta fi so a kan ɗan kunnenta. In Yaya zai shiga kasuwar Batsari ranar kasuwa, kowa na sallahun man shafawa ko ɗankwali, ita salatif take so da ƙwan fitila.

Abin da take sha a gida kuwa ba sai na faɗa muku ba. "Ke wai wace irin ɗiya ce? Mace da kwance-kwance sai ka ce bakanike! Wa zai kwashe ki a haka?" Ƙawaye kuma su yi ta tsokana, "A gaishe ki injiniya, yaushe za a ƙera mana jirgi?" Wata tun tana daurewa har ta gaji, ta tattara gwangwaninta ta watsa a bola, shi ke nan baiwar da Allah Ya yi mata ta bi ruwa. To ni yau a bayanta na tsaya, kuma ba da ka zan yi magana ba, da hujjata na zo.

SHEKARAR DA WAYA TA YI SHIRU

Mutanen Batsari da Safana ba sai an tuna musu shekarar 2021 ba. Ga waɗanda ba su san wajen ba, ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, suna bakin dajin Rugu wanda ya haɗe da Zamfara, kuma kowa ya ji irin ukubar da ɓarayin daji suka gana wa jama'ar yankin, tun daga Ruma da Wagini har zuwa Runka. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa wasu dokokin tsaro, cikinsu har da hana sayar da fetur a jarka. Da Satumba ta kama sai aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana suna ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya a shaguna. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis.

Ni ba alƙalancin dokar na zo yi ba, manya sun yi ta ne don neman zaman lafiya. Cikin gida nake so ku leƙa tare da ni. Babu fetur a jarka, ke nan janareto ya zama kayan kallo. Shagon mai caji a rufe. Wayar nan ta dubu kaza da ake yanga da ita a gidan biki ta koma tocila da agogo, su ma sai in da sauran caji a cikinta. Saƙo ya koma hannun direba da ɗan aike, mai son jin muryar ɗansa da ke Kano ko Legas sai ya yi tattaki zuwa inda sabis yake. Amaryar da aka kai wani gari ta kwashe makonni ba ta ji muryar mahaifiyarta ba. Masoya kuwa ke dai bari, ai sai aka koma zamanin wasiƙa, wanda bai iya tsara kalamai da biro ba ya raina kansa.

A wannan lokaci gidaje kashi biyu suka kasu. Akwai gidan da magariba na yi sai duhu da zullumi, kowane motsi aka ji gaba ya faɗi, babu labari sai jita-jita. Akwai kuma gidan da ke da ɗan farantin sola a kan rufi, da batir a lungu, da rediyo mai lafiya. Su suna da haske a tsakar gida, ɗiyarsu mai shirin jarrabawa ba ta rufe littafi ba, kuma suna jin abin da duniya ke ciki, don shi rediyo ba ruwansa da turakun waya, ta iska yake kamo tasharsa. Dama tsohon aminin gidajenmu ne, tun 1957 BBC ke magana da Hausa, gidan rediyon Kaduna kuma tun 1962. To in kika bincika irin wannan gida na biyu, za ki tarar akwai mutum ɗaya da ya san kan kayan nan, shi ke goge su, shi ke ɗaure wayar da ta kwance. Me zai hana wannan mutum ya zama ke? Maza suna gona, suna kasuwa, wasu sun tafi ci-rani. Wa ke wuni a gida tare da kayan in ba mu ba?

Kada kuma ku ce ai abin ya wuce. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, gidaje da yawa suka rufe janaretonsu da buhu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

RANDA, ƊAN GARUWA DA MOƊA

Na san da yawanku da an ce sola sai ku ga kamar wani abu ne na masu digiri. Wallahi ba haka ba ne, in kin iya lissafin awon tuwon gidanku kin iya wannan. Ƙaramar sola ta ɗaki kaya huɗu ce kawai. Akwai faranti, wanda ke shan rana ya mai da ita wuta, ki ɗauke shi a matsayin ɗan garuwa mai kawo ruwa. Akwai batir, shi ne randar da ake zuba ruwan. Akwai wani ɗan akwati da ake kira kwantirola, shi ne mai tsaron bakin randa, in ta cika ya hana a ƙara, in ta kusa ƙafewa ya hana a ɗiba. Sai kuma masu sha, wato ƙwan fitila da waya da rediyo.

Yanzu ga lissafin, ki ɗauko biro. Ƙarfin cin wutar kowane abu ana auna shi da wat, kuma a rubuce yake a jikinsa ko a kwalinsa. Abin da ke cin wat 1, in ya yi awa 1 a kunne, mu ce ya sha moɗa 1. A jikin batir za ki ga lambobi biyu, misali 12V da 20Ah. Ki ninka su, 12 sau 20 ya ba ki 240, to randarki moɗa 240 take ci. Amma fa ki riƙe wannan da kyau: irin batirin nan mai nauyi na dalma ba a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake sha a bar rabi, in ba haka ba kafin ki ankara ya mutu murus. Ke nan moɗa 120 ce taki a kowane dare.

To su wa za su sha? Ƙwai 3 masu wat 3, ɗaya a ɗakin Inna, ɗaya a naku, ɗaya a tsakar gida, in suka yi awa 4 a kunne sun sha moɗa 36. Babbar waya mai shafawa in ta mutu gaba ɗaya tana shan kamar moɗa 20 kafin ta cika, ƙananan masu madannai guda biyu kuma ki ba su 10. Rediyo ki ware masa 10. Duka-duka 76 ke nan, kin ga har da ragowa. Shi kuma ɗan garuwa fa, zai iya mai da abin da aka sha? Faranti mai wat 30, in ya sami awa 5 na rana mai ƙarfi, a takarda moɗa 150 zai kawo, amma da yake zafi da ƙura da tsawon waya duk suna cin rabonsu, ki sa ran kamar 100. Ya wadatar. Allah Ya hore mana rana a ƙasar Katsina har muna kuka da ita, ashe dukiya ce ke zuba a kan kwanon ɗakinmu kullum muna kallo.

Abin da wannan 'yar randa ba za ta ɗauka ba shi ne dutsen guga da hita da firji. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye, kafin ki gama goge hijabi biyu ya lashe rabon daren duka. Fanka ma in kina so, sai ki nemi irin mai aiki da batir, ki kuma ƙara girman faranti da randa. Ƙwan da za ki saya ki duba an rubuta 12V a jikinsa, don ƙwan wutar Nepa ba zai kama a batir ba sai da inbata. Waya kuwa bolt 5 take sha, kada ki kuskura ki jona ta kai tsaye da batir, ki sa ta a ramin caji na jikin kwantirola, ko ki nemi cajar mota tun da ita ma mota da bolt 12 take aiki.

Wajen haɗawa akwai tsari, kamar yadda ba a zuba gari kafin ruwa ya tafasa. Batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti, sannan ƙwai. Jar waya ta tafi inda aka yi alamar tarawa, baƙa ta tafi inda aka yi alamar ɗebewa, kada ki yarda su sumbaci juna. Ki sa ɗan fis a kan jar wayar kusa da batir, shi ne zai ƙone a madadin ɗakinku in wani abu ya faru. Farantin kuma a ɗan kishingiɗar da shi yana kallon kudu, a wurin da inuwar darbejiya ko ta katanga ba ta faɗa masa, don inuwa ko a gefe ɗaya ta taɓa shi sai ƙarfinsa ya ragu sosai.

Kin ga ke nan 'yar taɓe-taɓe tana da nata aikin a jerin aikin gida. Da safe bayan ta yi shara, kafin rana ta yi zafi, ta sa tsumma mai laushi ta goge fuskar faranti, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe komai, da kuma in tsuntsaye sun yi aika-aikarsu. Ba a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana yana zafi. In rufin yana da tsawo ta sa ƙanenta ya hau tana gaya masa yadda zai yi. Da rana, lokacin da ɗan garuwa ke kan kawo ruwa, shi ne lokacin cajin wayoyi, don a bar wa dare abin da ke randa. Da magariba ta dubi kwantirola ta ga yadda batir ya cika, ta rubuta a bayan littafinta. Ranar da ta ga ya kasa cika alhali an yi rana, ta san ko dai ƙura ce, ko waya ta saki, ko kuma wani ya saci hanya ya jona abin da ya fi ƙarfin randa. Galibi dai Yaya ne!

ƘARAMIN SANI ƘUƘUMI NE

To amma ƙannena, ban ce ku je ku yi ta cusa hannu a ko'ina ba. Ina son ku da ranku da lafiyarku, saboda haka ga iyakoki. Wutar Nepa da ta janareto da wadda ke fitowa daga inbata sun haura bolt 200, suna kisa nan take, ba ruwanki da su sai kin je an koya miki a gaban malami. Ki tsaya a kan bolt 12 ɗinki. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kada ki buɗe ta ko da an zare ta daga soket, tana riƙe wuta a cikinta.

Shi kansa batir yana da nasa sharrin. Kafin ki taɓa shi ki cire zobe da awarwaro da agogon ƙarfe, don in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, tartsatsin da zai yi sai ya toye miki hannu. Ruwan cikinsa asid ne, yana cin zane yana cin fata, in ya taɓa ki ki wanke da ruwa mai yawa nan da nan, in ido ne a wanke a garzaya asibiti. Ki ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da kasko da fitilar kananzir, nesa kuma da hannun yara, don yana fitar da wata iska mai kama wuta lokacin da yake caji.

Batirin waya in ya kumbura ya gama aiki, kada ki danna shi, kada ki huda shi, kada kuma ki jefa shi a wuta. Ki daina kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi. Janareto kuwa, don Allah ku gaya wa iyayenmu maza, ba a shigar da shi ɗaki ko zaure a rufe don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. A cikin hayaƙinsa akwai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta wuce da shi. An sha jin gida guda sun kwanta ba su tashi ba a ƙasar nan saboda wannan. Rigakafi dai ya fi magani.

WAYARKI, SIRRINKI

Akwai wata fa'ida da ban faɗa ba tukuna, kuma a wurina ta fi hasken ma. Ku gaya mini gaskiya, sau nawa kika ba ƙanenki wayarki ya kai shagon caji, ta wuni a can cikin wayoyi hamsin, a tsakiyar samarin da ba su da aikin yi sai hira? Sau nawa aka kai ta wurin gyara da hotunanki da saƙonninki da komai a ciki? Masu caji da masu gyara da yawansu mutanen kirki ne masu neman halalinsu, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Hoto ɗaya da kika ɗauka a ɗaki ba ɗankwali kina wasa da ƙawaye, in ya faɗa hannun ɗan iska, sai ya zaga gari kafin la'asar. An fasa aure saboda irin wannan, an sa iyaye kuka, yarinya ba ta ji ba ba ta gani ba.

Wadda ke da caji a ɗakinta ta tsira daga rabin wannan. Wadda kuma ta san kan wayarta ta tsira daga sauran, don ba kowane ciwo ne sai an je wurin mai gyara ba. Sau da yawa in waya ta ƙi caji, ko dai igiyar cajar ce ta karye daga ciki, ko ƙura ce ta toshe ramin. Ki fara gwada wata igiyar, sannan ki kashe wayar ki sa tsinken sakace a hankali ki fito da dattin, ban da allura ko wani ƙarfe. In ta faɗa ruwa ki kashe ta nan take, in batirinta na fita ne ki cire, ki bar ta ta bushe sosai a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada ki yi garajen sa ta a caji don ki ga ko tana da rai. In kuwa dole sai an kai gyara, ki cire layinki da memori, ki kwashe hotunanki, in da hali a gyara a gaban Yayanki. Lambar sirrinki ta banki, da lambar da ake turo miki ta saƙo, ba mai gyara ba, ko wanda ya kawo kuɗin gaisuwa bai kamata ya ji su ba. Wanda kuma ya ba ki kyautar waya ya ce shi zai saita miki komai da kansa, ki yi godiya, ki ce kin iya.

FASAHA BA SAI DA WAYAR WUTA BA

Wata za ta ce, Anti, mu fa gidanmu ko kuɗin ƙwai ɗaya babu, balle faranti. To saurara ki ji. Akwai wani bawan Allah, marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, kuma daga gidan maginan tukwane ya fito. Ya duba yadda kayan miya ke ruɓewa a ƙauyukan da ba lantarki, da yadda ake tura 'yan mata talla kullum don a rabu da kaya kafin su lalace, makaranta kuwa ko oho. Sai ya ɗauki tukunyar ƙasa babba, ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi mai laima, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jiki, ko yadda ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Da wannan dabara tumatir da tattasai da ke laushi cikin kwana biyu-uku sai su yi makonni, ganye ma ya daɗe bai yanƙwane ba. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000 saboda wannan aiki, ya ƙara yaɗa tukwanen a ƙauyuka.

Ki gwada a gida. Tukwanen su zama na ƙasa marasa fenti, in ƙaramar na yoyo a toshe, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara lokacin da iska ke bushe, da damina ƙarfinta na raguwa. Kin ga firji ba wuta ba fetur, kuma ƙasar Batsari da Safana ƙasar noma ce, ba a rasa abin sa wa a ciki.

Masu cewa wannan ba aikin mata ba ne kuma, ga Indiya nan da muka sani da fim da rawa. A wani ƙauye da ake kira Tilonia a jihar Rajasthan akwai wata makaranta mai suna Barefoot College, wadda aka kafa tun 1972. Ta yi suna wajen ɗauko matan karkara daga ƙasashen Afirka da wasu sassan duniya, da yawansu kakanni ne da ba su taɓa zaman aji ba, a koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata 6, da launi da alama da nuni tun da ba sa jin yaren juna, su koma su haskaka ƙauyukansu. To in kaka mai jikoki ta riƙe abin liƙa dalma ta haɗa fitila, ke 'yar aji biyar mai karanta kimiyya mene ne uzurinki?

GA IYAYE, GA SAMARI, GA AMARE

Iyayenmu, Allah Ya ƙara girma, a yi haƙuri da ƙuruciyata in na yi tsaurin ido. In Allah Ya ba ku ɗiya mai irin wannan hannu, a daina kashe mata gwiwa. A ba ta mataccen rediyo ta yi ta kwancewa, shi dai ya riga ya mutu, me za ta ɓata? A sa mata ido, a kafa mata iyaka, amma a bar ta. Sukundireba ba ta hana tuƙa tuwo, ba ta kuma cire kunya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma makarantu ga su nan kusa, akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma da aka kafa a 2011, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Ko ba ta yi nisa ba, a ce a unguwa akwai mace mai gyaran waya a cikin gida, matan aure nawa ne za su sami kwanciyar hankali su kai mata nasu? Ga rufin asiri, ga sana'a ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Samari masu satar karanta mana dandali, na san kuna nan. Wanda ke tsoron mace don ta san abin da bai sani ba, ya sake shawara. Ranar da kake Legas ko Abuja wajen nema fitila ta mutu da tsakar dare ga jariri na kuka, za ka gode wa Allah da ka auri wadda ba sai ta jira gari ya waye an kira wani ƙato ya shigo maka gida ba.

Ku kuma amare masu shirin kayan ɗaki, ga shawara kyauta. Iyayenmu sun yi yayin kwalla da samira, aka zo aka yi na tangaram, ana jere su har rufi, wasu har a tsufa ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. A rage saiti ɗaya ko biyu, a sa ɗan faranti da batir da ƙwai uku a lissafi. Kwanon jere ba ya haska ɗaki, kuma in dare ya yi babu mai ganin kyansa in ba fitila. A sayi mai kyau a wurin wanda aka sani aka yarda da shi, a gwada a gabanku, a karɓi rasit, don araha ba ta ado.

Kafin fitowa ta gaba ga ɗan aikin gida na ba ku. Kowacce ta ɗauki abu uku a gidansu masu aiki da wuta, caja ko rediyo ko ƙwan fitila ko dutsen guga, ta karanta ɗan rubutun da ke jikinsu, ta rubuta wat nawa ko bolt nawa kowanne yake sha, sannan ta lissafa moɗa nawa gidansu ke buƙata a dare ɗaya. Ku aiko mini da amsa ta adireshin mujalla kamar yadda kuka saba, tare da tambayoyinku, musamman ƙannena na Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, ina son jin irin dabarun da kuka yi a gidajenku. Allah Ya ba yankinmu da ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya, Ya haskaka mana zukatanmu da ɗakunanmu baki ɗaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Antinku ta Dandali.